Waɗanda Suka Tare Gatari, Aka Kulle Musu Daji

Ranar Talata, 26 ga Maris, 1974, gari ya waye wa ƙauyen Reni kusan babu magidanci ko ɗaya a ciki. Reni ɗan ƙauye ne maƙale a jikin dutse, can cikin tsaunukan Himalaya na arewacin Indiya, a gundumar Chamoli, daidai inda kogin Rishiganga ya gangaro ya haɗu da Dhauliganga. Mazan duk sun tafi garin Chamoli, domin hukuma ta aiko cewa a ranar za a biya diyyar filayen da sojoji suka karɓe tun bayan yaƙin Indiya da Sin na 1962. Kuɗi ne da aka daɗe ana jira har an fara fid da rai, ba mai zama gida ya bari su wuce shi. A wannan ranar ce kuma aka kawo masu saran itace. Mutanen yankin sun tabbata a ransu cewa shiri ne aka yi musu.

Tun a watan Janairu aka yi gwanjon bishiyoyi kusan 2,500 na dajin da ke saman ƙauyen, wani ɗan kwangila daga biranen gangare ya saya. Mutanen Reni sun san da zancen. An yi taruka, ɗalibai sun yi zanga-zanga a garin Joshimath, kowa ya ɗaura ɗamara. Ranar zuwan ce kaɗai ba su sani ba. Motar da ta ɗauko leburori ba ta shiga ƙauyen ba, ta sauke su tun da nisa, suka zaga ta wata 'yar hanya da gatura da zartuna da kayan girki, tare da yaran ɗan kwangila da ma'aikatan gandun daji. Wata ƙaramar yarinya ce ta hango su, ta sheƙa a guje ta gaya wa Gaura Devi.

Gaura Devi ta kusa shekara 50 a lokacin. An haife ta a 1925 a Lata, ƙauyen da ke maƙwabtaka da Reni. An aurar da ita tana shekara 12, mijin ya rasu tana da 22, ya bar ta da ɗa guda ƙarami. Ba ta taɓa shiga aji ba. Da 'yar gonarta da aikin ulu ta raini yaron, kuma matan ƙauyen sun ga riƙonta har suka ɗora ta a kan shugabancin ƙungiyarsu. Da jin saƙon yarinyar ta bi gida-gida, mata da 'yan mata 27 suka bar aikin da ke hannunsu suka bi ta, suka kama hawan dutse.

Sun iske leburorin sun sauke kaya, suna shirin dafa abinci kafin su kama sara. Gaura ta fara da lallashi. Ta kira su 'yan'uwa. Ta ce musu wannan daji gidan iyayensu ne, wurin da mace ke komawa idan duniya ta yi mata zafi. Nan suke samun itacen girki da ciyawar dabbobi da ganye da saiwar magani, kuma idan aka sare shi dutsen zai zubo ya binne gonaki da gidaje. Ta roƙe su su ci abincinsu, su tashi a sauka tare. Wasu daga cikin yaran ɗan kwangilar sun sha sun bugu. Aka shiga zagi da maganganun batsa, har ɗaya ya fito da bindiga. Gaura ta matsa ta tsaya a gaban bakin bindigar, ta ce ya fara harbe ta, sa'an nan ya sari dajin. An ruwaito har yawu aka tofa mata. Ba ta gusa ba, sauran matan ma ba wadda ta juya.

Leburorin ne suka fara karaya. Su ma 'yan tsauni ne, talakawa daga jihar Himachal Pradesh, sun san abin da daji yake ga matar ƙauye. Suka tattara kayansu, matan suka tasa su gaba aka gangara. A kan hanyar akwai wani wuri da ƙasa ta taɓa zaftarewa, aka ɗora falalen siminti ana takawa a haye. Da na ƙarshensu ya tsallake, matan suka haɗa ƙarfi suka tura falalen cikin kwazazzabo, hanyar daji ta yanke. Nan suka zauna suka kwana cikin sanyin tsauni suna gadi. Washegari mazan suka dawo, labari ya bazu, mutanen ƙauyukan kewaye suka yi ta kwararowa. Bayan kwana huɗu ana kallon-kallo, ɗan kwangila ya janye mutanensa.

Don a gane abin da ya sa mace ta tsaya gaban bindiga saboda itace, sai an san halin da waɗannan ƙauyuka suke ciki. Mutanen Reni da Lata 'yan ƙabilar Bhotiya ne, kuma sana'arsu ta gado fatauci ne. Shekaru aru-aru, da zarar ƙanƙara ta narke hanyoyin tsauni sun buɗe, sai su ɗaura wa tumaki da awaki 'yan mangaloli, su haura ta mashigar Niti zuwa Tibet da hatsi da mazarƙwaila da tufafi, su dawo da gishiri da ulu. Wanda ya san matsayin ayarin gishirin Bilma a wurin mutanen Abzin zai gane nauyin wannan hanya a rayuwarsu. Yaƙin 1962 ya rufe iyakar, dare ɗaya fatauci ya mutu. Aka bar su da 'yan gonaki a kan gangare, da garken tumaki, da saƙa, da daji. Bayan yaƙin gwamnati ta shimfiɗa tituna har bakin iyaka saboda sojoji, kuma titin da ya kai soja shi ne ya kai motar katako.

Dajin kuwa, a takarda, ba nasu ba ne. Turawan Ingila sun kafa hukumar gandun daji a 1864, suka yi dokoki a 1865 da 1878 da 1927 waɗanda suka mai da manyan dazuzzuka mallakar gwamnati, saboda suna bukatar katako, musamman na shimfiɗa layin dogo. Abin da kaka da kakanni suke yi a matsayin haƙƙi ya koma alfarma, malamin daji ya ga dama ya bayar, ya ga dama ya hana. Mutanen tsaunukan ba su taɓa haɗiye wannan ba. A 1921 sun cinna wa gandayen gwamnati wuta a yankin Kumaon, har dole ta sa aka mayar wa ƙauyuka wasu dazuzzuka su riƙa kula da su da kansu. Da Indiya ta sami 'yanci a 1947, Bature ya tafi, tsarinsa ya zauna daram. Hukuma ta yi gwanjo, ɗan kwangila ya saya, ya zo da leburorinsa daga wani wuri, ya kwashe katako ya gangara da shi birni. Mai ƙauye kuwa, shi ake ci tara idan ya sari reshe ba izini.

A Yulin 1970 kogin Alaknanda, wanda ruwan duk waɗannan kwaruruka ke zubawa cikinsa, ya yi mummunar ambaliya. Ya tafi da gadoji da tituna da motocin fasinja da mutane, ya share wani wuri mai suna Belakuchi. Cikin masu aikin agaji akwai 'yan wata ƙungiyar gama-kai ta garin Gopeshwar, wadda wani tsohon akawun kamfanin motoci, Chandi Prasad Bhatt, ya kafa da abokansa a 1964 don matasan tsauni su sami aiki a gida. Suna bin ƙauyuka suna kai taimako, sai suka lura cewa inda aka fi sare daji, nan ƙasa ta fi zubowa. Wannan darasi ne Gaura take maimaita wa leburori bayan shekara huɗu. Ba a littafi ta karanta ba, a kwarinsu abin ya faru.

Farkon 1973 ƙungiyar ta nemi a ba ta 'yan bishiyoyi kaɗan na wani icce mai ƙwari marar nauyi, wanda da shi manoman wurin ke sassaƙa karkiyar shanun noma. Hukuma ta ce babu. Ba a jima ba sai aka ji ta ba wani kamfanin kayan wasanni na birnin Allahabad irin wannan iccen a dajin Mandal, ya je ya yi abin buga ƙwallon tanis. A tarukan da aka yi kan wannan cin fuska ne aka yanke cewa idan masu sara sun zo, mutane za su rungume bishiyoyin, gatari ya fara sauka a gadon bayansu. Daga nan gwagwarmayar ta sami sunanta, Chipko, wato a manne. Ranar 24 ga Afrilu, 1973, jama'a suka fito da ganguna a Mandal, masu sara suka juya. Aka sauya wa kamfanin wani daji a Phata, can ma aka tare. Reni ce ta biyo baya. Shi ya sa a ranar da aka janye maza zuwa Chamoli, aka kuma shagaltar da Bhatt a Gopeshwar da ziyarar manyan jami'an gandun daji. Mata ne kawai ba a sa a lissafi ba.

Ya kamata a riƙe abin da mutanen nan suke nema, domin a nan ne labarin ya karkace daga baya. Ba su taɓa cewa kada a taɓa daji ba. Cewa suka yi a daina sayar da shi ga baƙi, a soke tsarin 'yan kwangila, a ba ƙananan masana'antun gida katako da ƙaro a farashin da za su iya, a mayar wa ƙauyuka haƙƙinsu na gado, a kuma ƙyale dajin da ke riƙe da gangare. Rigima ce a kan wa yake da iko da daji.

Da farko kamar an ji su. Babban ministan Uttar Pradesh, jihar da yankin yake cikinta a lokacin, Hemwati Nandan Bahuguna, ya naɗa kwamiti ƙarƙashin wani masanin tsirrai, Virendra Kumar. Kwamitin ya gaskata matan Reni, aka hana saran kasuwanci na shekara 10 a fili fiye da murabba'in kilomita 1,000 na saman kogin Alaknanda. Gwagwarmayar ta bazu zuwa wasu gundumomi. Wani ɗan gwagwarmaya, Sunderlal Bahuguna, ya ɗauke ta ya kai ta kunnen Firaminista Indira Gandhi, aka hana saran ɗanyen icce na shekara 15 a wuraren da tsayinsu ya haura mita 1,000. Sunan Chipko ya zaga duniya, ya shiga littattafan makaranta, a 1987 aka ba gwagwarmayar lambar yabo ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin.

Amma hani aka bayar, ikon da aka nema bai zo ba. Dokar kare dazuzzuka ta 1980 ta ce ba a mai da filin daji wani abu dabam sai da yardar gwamnatin tarayya a Delhi. Doka ce da ta ceci dazuzzuka masu yawa daga hannun manyan masu cin ƙasa, wannan gaskiya ne. Sai dai a tsaunukan da yawancin fili a rubuce yake da sunan daji, ma'anarta ita ce ƙauyen da ke son titi ko bututun ruwa ko ginin makaranta sai ya jira takarda ta je Delhi ta dawo, wani lokaci shekaru. Ƙananan masana'antun da aka fara faɗan dominsu suka rasa kayan aiki. Haushi ya taru, har a ƙarshen shekarun 1980 aka sami wasu a waɗannan tsaunuka suka fito da gangamin sare bishiyoyi a wuraren da ayyukan raya ƙasa suka tsaya.

Abin da ya sami Reni da Lata ya fi wannan ciwo, kuma daga sama ya sauko musu. Idan ka bi kogin Rishiganga ka haura, za ka kai ga Nanda Devi, dutse mai tsayin mita 7,816, mafi tsawo cikin duwatsun da ke cikin ƙasar Indiya ɗungurungum. Wasu tsaunuka sun yi masa zobe, sun rufe wani kwari mai faɗi wanda ba a shigarsa sai ta kwazazzabon kogin. Sunan abar bautar mutanen yankin dutsen ya ci, kuma a Lata akwai tsohon ɗakin bautarta. A filayen ciyawar da ke kan hanyar, irin su Dharansi da Dibrugheta, makiyayan ƙauyukan ke kai tumaki da awaki idan zafi ya shigo. Can kuma masu magani ke haƙar saiwoyi. Suna da ƙa'idojinsu na gargajiya, har akwai furen da ba mai tsinka sai lokacin bikin Nanda ya yi.

Baƙi sun daɗe suna sha'awar wurin. Turawa biyu, Eric Shipton da Bill Tilman, sun kutsa cikin kwarin a 1934, kuma a 1936 Tilman da Noel Odell suka taka ƙolin dutsen. A 1965 hukumar leƙen asirin Amurka da takwararta ta Indiya suka yi ƙoƙarin kafa wata na'ura mai aiki da makamashin nukiliya a ƙolin, don sauraron gwajin makaman Sin. Guguwar ƙanƙara ta tare su, suka ɗaure na'urar a wani lungu suka sauko. Da suka koma a shekarar da ta biyo ba ta nan, kuma har yau ba a gan ta ba. An daɗe ba a barin baƙi su shiga. A 1974, shekarar da matan Reni suka tare gatari, aka buɗe ƙofa.

Sai ayarin masu hawan dutse suka yi ta zuwa daga Turai da Amurka da Japan da biranen Indiya. Kowane ayari da 'yan dako masu yawa, da garken awaki masu ɗaukar kaya. Aka yi ta saran itace don girki da jin ɗumi a wurin da icce ke shekaru kafin ya yi tsawon mutum. Gwangwanaye da robobi da tsummokara suka taru a sansanoni. A 1977 wani masanin halittu, Lavkumar Khacher, ya shiga ya fito da rahoto mai tayar da hankali. Mutanen ƙauyukan suna da hannu a ciki, domin su ne 'yan dakon, awakinsu ne, kuma su aka biya suka sari itacen. Mutumin da aka rufe masa hanyar fatauci ba zai ƙi lada ba. Amma ba su suka buɗe ƙofa ba, ba su ke ba da izinin shiga ba, ba su ke karɓar kuɗin izinin ba.

A Nuwamban 1982 gwamnati ta ayyana wurin a matsayin gandun daji na ƙasa, fili sama da murabba'in kilomita 600, aka rufe shi ga kowa. Kowa kuwa har da makiyayin Lata da mai maganin Reni. Ba a zauna da su ba. Mai hawan dutse ya naɗe tantinsa ya nufi wani dutsen, duwatsu ba su ƙare a Himalaya ba. Mai ƙauye ya rasa aikin dako, ya rasa makiyaya, ya rasa saiwa, duk a lokaci guda. An bar jaki ana dukan taiki.

Kiwon tsauni ba ya yiwuwa sai da hawa da sauka. Idan aka toshe makiyayar sama, dole garke ya cunkushe a 'yan filayen da suka rage, ciyawa ta ƙare, ko kuwa a yi tafiya mai nisa zuwa makiyayar wasu a biya kuɗi. Da yawa suka sayar da dabbobinsu. Da tumaki suka ragu ulu ya ragu, masaƙar mata ta yi shiru, taki ya yi ƙaranci a gona. Masu maganin gargajiya suka tsufa ba su koya wa kowa ba, tunda ba a zuwa inda tsiron yake. Namun daji kuma ba su san iyakar gandu ba: birai da aladun daji da beyar su shiga gona, damisa ta ɗauki akuya, doka ta hana a taɓa su, diyya kuwa kaɗan ce kuma sai an sha zirga-zirga. Samari suka gangara birane neman aikin otal da gadi. A 1988 aka faɗaɗa tsarin, aka kewaye gandun da wani yanki mai ƙa'idoji wanda ƙauyukan suka faɗa cikinsa, kuma a shekarar hukumar UNESCO ta sa Nanda Devi cikin wuraren tarihi na duniya. Gaura Devi ta rasu ranar 4 ga Yuli, 1991, tana da shekara 66. Shekarunta na ƙarshe ta yi su ne duniya tana ambaton sunanta, jama'arta kuwa suna neman izini kafin su taka makiyayar kakanninsu.

Adalci ne a faɗi cewa rufewar ta yi wa kwarin amfani. Ayarin masana da sojoji da suka shiga a 1993 sun kwaso tulin shara da masu hawa suka bari, kuma binciken da aka yi a lokacin da wanda aka sake a 2003 sun nuna ciyayi sun farfaɗo, tumakin dutse da barewar almiski sun samu sararawa, damisar ƙanƙara tana nan. Wannan abin farin ciki ne, kuma ban ga mai hankalin da zai so a koma wa halin 1977 ba. Abin da na kasa yarda da shi shi ne cewa sai an kori makiyayi sa'an nan za a sami wannan. Kwarin ya rayu da garkunan Bhotiya shekaru aru-aru, 'yan shekaru kaɗan na ayarin baƙi ne suka jigata shi. Mutanen ƙauyukan suna da wata hujjar kuma: sun ce da can idan baƙon mafarauci ya shiga neman almiski, makiyayi zai ga sawunsa ko hayaƙin wutarsa. Da aka fitar da makiyayi, sai aka bar wa 'yan ma'aikata ƙalilan tsaron ƙasar da ba sa iya zagawa.

Shekara 16 suka yi suna kai kuka ofis-ofis. Ranar 15 ga Yuli, 1998, haƙuri ya ƙare. Mutanen ƙauyukan kwarin, maza da mata, ƙarƙashin jagorancin zaɓaɓɓen shugaban ƙauyen Lata, Dhan Singh Rana, suka taru suka haura, suka tsallaka iyakar da aka haramta musu da rana tsaka, a kan idon ma'aikata. Suka kira yunƙurin Jhapto Cheeno, ma'ana a fyauce a ƙwato. Mutanen da suka hana ɗan kwangila shiga daji a 1974, da 'ya'yansu, su ne suka shiga da ƙarfi a 1998, kuma bukatar ba ta sauya ba.

A shekara ta 2000 aka ƙirƙiro jihar Uttarakhand daga tsaunukan Uttar Pradesh. A 2001 wani ayari ya shiga kwarin don duba ko za a sake buɗe shi ga masu yawon buɗe ido. Mutanen Lata suka hango inda aka dosa: kamfanonin Delhi su kwashi riba, su kuma a bar su da dako, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Wannan karon ba su jira an yanke musu ba. Ranar 14 ga Oktoba, 2001, suka fitar da sanarwarsu da kansu, suka rubuta yadda suke son a yi harkar: a hannun ƙauyuka, a fifita matasa marasa aiki da gidaje mafi talauci, mata su kasance a kowane mataki, kada a zalunci ɗan dako, kada kuma a ɗora wa dutsen abin da ya fi ƙarfinsa. A 2003 gwamnati ta buɗe wata hanya ta kilomita 9 cikin gandun ga mutum 500 a shekara, da jagorancin 'yan ƙasa. A 2006 aka kafa shirin Mountain Shepherds, aka tura samari da 'yan mata makarantar koyon hawan dutse ta Uttarkashi, suka dawo jagorori masu takarda. A shekarar ce kuma majalisar Indiya ta yi dokar haƙƙin mazauna daji, wadda a gabatarwarta ta amsa cewa an daɗe ana zaluntar waɗannan mutane. A Uttarakhand aiwatar da ita ya yi tafiyar hawainiya. Tsakiyar kwarin na nan a rufe.

Ana cikin haka sai ga wani abu da dokokin kare daji ba su tare ba. Aka ba da izinin gina tashar lantarki ta ruwa mai megawat 13.2 a kan Rishiganga, daidai ƙasan Reni, a cikin yankin nan mai ƙa'idoji. Can gaba kaɗan, a Tapovan, ana gina wata mai megawat 520, da dogon rami da aka huda cikin dutse. A 2019 mutanen Reni suka kai ƙara babbar kotun jiha a Nainital, suna kukan fasa dutse da nakiya da zubar da ɓaraguzai a bakin kogi, kotu ta ba da umarni a bincika. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai cikin labarin duka. Hukumomin da suka ga hatsari a bakin tunkiya mai cin ciyawa sun amince da nakiya a gindin ƙauye.

Ranar Lahadi, 7 ga Fabrairu, 2021, da hantsi, sama garau babu hadari, wani ɓangare na tsaunin Ronti ya ɓalle. Masana da suka bincika daga baya sun ƙiyasta dutse da ƙanƙarar da suka faɗo sun kai kubik mita miliyan 27. Ƙarfin faɗuwar ya narkar da ƙanƙarar, laka da duwatsu suka biyo Rishiganga. Tashar da ke ƙasan Reni ta ɓace cikin ɗan lokaci, gadar da ta haɗa ƙauyuka 13 da sauran ƙasa ta tafi, laka ta cika ramin Tapovan da ma'aikata a ciki. Mutum fiye da 200 suka mutu ko suka ɓata, yawancinsu leburorin tashoshin biyu ne, da wasu 'yan ƙauyen da ke bakin kogi da dabbobinsu. Ba tashoshin ne suka ɓallo dutsen ba, amma su suka tara mutane a kan hanyar ruwan.

A watan Yuni na shekarar aka yi ruwa mai ƙarfi, ƙasar da ke ƙarƙashin Reni ta fara zamewa, titi ya rufta, gidaje suka tsattsage. Masana ƙasa da gwamnati ta turo suka ce ƙauyen bai zaunuwa, suka ba da shawarar a tashi mutanen a sake musu matsuguni. Mutum-mutumin Gaura Devi da ke bakin ƙauyen aka cire aka kai Joshimath don kada ya bi gangare. A Janairun 2023 ita ma Joshimath ƙasarta ta fara nutsewa, gine-gine sama da 800 suka tsage, aka kwashe ɗaruruwan iyalai daga gidajensu.